Dakali, rumfa da shagon ƙofar gida: ina ikon mai gida ya tsaya a doka?

Yawancin gyaran da magidanci ke yi wa gidansa daga waje ba ya haɗa shi da hukuma. Ka yi wa katanga fenti, ka toshe tsaga da siminti kafin damina, ka sauya kwanon da ya yi tsatsa, ka dasa darbejiya a tsakar gida, duk wannan kula ne da abin da yake tsaye tun da. Rigima tana tashi ne a wuri biyu: idan aikin ya kawo sabon gini, ko kuma ya tsallake iyakar fili.

Batun iyaka shi ne mutane suka fi raina wa, don haka da shi za a fara. Dokar Amfani da Ƙasa ta Najeriya ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa, ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da kake riƙe da shi haƙƙin zama ne a kan wani yanki da aka auna, kuma takardar mallakar da gwamna ke sa wa hannu galibi ta shekara 99 ce ga gidan zama. Yankin nan yana da taswira, yana da duwatsun siminti da safiyo ya kafa a kusurwoyinsa. Daga dutsen zuwa ciki naka ne. Daga dutsen zuwa waje hanya ce, ko da shekara talatin ka yi kana share wurin kana yayyafa masa ruwa.

To a wannan ɗan tsakanin ne ake dakali, a kafa rumfar kwano, a shimfiɗa intalok, wani ma ya fasa katanga ya fito da shago taku biyu cikin layi. Kowa yana cewa ai ƙofar gidana ce. Dokar 1978 ta tanadi diyya idan gwamnati ta karɓe filin mutum don amfanin jama'a, amma diyyar ta abin da ya gina ne a kan filin da yake da haƙƙi a kai. Wanda ya ci hanya ba shi da takardar da zai nuna, ranar da aka zo faɗaɗa titi sai dai ya kwashe kwanonsa.

Sai batun izini. Dokar Tsara Birane da Yankuna ta 1992, ta zamanin Babangida, ta ce kafin a yi aikin raya fili sai an nemi amincewar sashen kula da gine-gine. Ma'anar da ta ba aikin tana da faɗi fiye da yadda ake zato: gini a kan ƙasa ko a ƙarƙashinta, rushe gini, sauya amfanin wuri ta hanyar da za ta shafi muhalli, har da sare bishiya da kafa allon talla. Ke nan ɗakin da ka ƙara a bayan gida yana ciki, haka mayar da zaure ya koma kanti. Sabuwar katanga ma gini ce.

A 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar da Gwamnatin Tarayya, ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne, tarayya kuwa ikonta a wannan fanni ya tsaya a Abuja. Shi ya sa ba za ka ɗauki ƙa'idar wata jiha ka yi aiki da ita a taka ba. Hukumar tsara birane da ke ba da izinin a Kano KNUPDA ce, a Kaduna KASUPDA, a Abuja sashen kula da gine-gine na hukumar birnin. Tsayin katanga, ratar da za a bari tsakanin gini da titi, da kuɗin izini, kowace jiha da nata. Mai unguwa yana da amfani wajen shaida da sulhu, amma amincewarsa ba ta maye gurbin takardar hukuma, balle ta birkila da zai ce maka kowa haka yake yi.

Magudanar ruwa ita ce ta fi ɓata zumunci. Mutum ya gaji da taɓo a ƙofar gida, sai ya cike kwata da ƙasa ya zuba kankare a kai don mota ta shiga. Ruwan bai ɓace ba, gidan da ke ƙasa da shi ya nufa. Kwatar layi ta jama'a ce, abin da ya dace shi ne ƙaramin kwalbati ko murfin da ake iya ɗagawa a yashe. Haka indararon da ke zuba a katangar maƙwabci, da sokawen da aka haƙa dab da rijiyarsa. Maƙwabcin yana iya kai ƙara a kan cutarwa, kuma a kotun shari'ar Musulunci ma hadisin nan na ba cuta ba cutarwa yana tare da shi.

Akwai iyakar da ba ta jiha ba ce, ta rai ce. Ƙa'idar lantarki ta ƙasa ta hana gini a ƙarƙashin manyan wayoyi. Ga layin 11kV da 33kV (kV ma'aunin ƙarfin wutar ne) ana barin mita 5.5 ta kowane gefe, ga 132kV mita 15, ga 330kV mita 25. Mai ɗaga tankin ruwa a kan dogon ƙarfe, ko mai ƙara tsayin rumfa, ya fara ɗaga kai ya duba sama tukuna.

Idan jami'ai suka shafa jan fenti a bango, ba a fara da rusau ba. Yawanci sanarwa ce ta a dakatar da aiki a kawo takardu. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a goge alamar, a ƙara leburori a ƙarasa da dare. Hakan bai halatta ginin ba, sai ma ya rage damar a gyara zanen a daidaita. Ka je ofishin da takardar fili da taswirarta, ka nemi a rubuta maka laifin da aka gani, duk kuɗin da za ka biya kuma ka karɓi rasit na gwamnati. Ɗan haya kuwa, ko rumfar mota zai kafa, izinin mai gida a rubuce yake fara nema, domin sunan mai gidan ne a kan fili kuma shi hukuma za ta tuhuma.