Shokozoba da sifirin na motar shiga daji: tambayoyi da amsoshi

Wanne ake fara zaɓa, sifirin ko shokozoba?

Sifirin. Mutane da yawa suna farawa da shokozoba saboda ita ce ke zuwa da fenti mai kyau da suna mai tashe, amma ba ita ke ɗauke da motar ba. Sifirin ne ke riƙe nauyi, shi ke yanke tsayin motar daga ƙasa. Aikin shokozoba shi ne ta hana sifirin ci gaba da lilo bayan taya ta faɗa rami: tana tura mai ta cikin ƙananan kafofi, ƙarfin girgizar ya koma zafi. Idan bayan motarka ya zauna saboda kaya, ko ka sa shokozoba mafi tsada ba zai ɗago ba.

To ta yaya zan san sifirin da ya dace da motata?

Ka loda motar yadda kake lodinta ranar tafiya: mutane, ruwa, man ajiya, safayar taya, kayan aiki. Ka hau sikelin motoci, a auna gaba daban, baya daban. Wannan awon ya fi duk shawarar da za a ba ka da baki.

Sannan ka raba kayan kashi biyu. Akwai nauyin da ba ya sauka, kamar bambar ƙarfe, winci (injin janyo mota idan ta kafe), ƙarin tanki da batir na biyu. Akwai kuma wanda ke hawa yau ya sauka gobe. Nauyin farko shi ake sayen sifirin dominsa. Ƙarfin sifirin ana faɗinsa ne da nauyin da ke matse shi milimita ɗaya: wanda ke ɗaukar kilo 5 a kowace milimita zai sauka da milimita 20 idan aka ɗora masa kilo 100. Kamfanoni irin su Old Man Emu na Ostireliya suna fitar da sifirin mataki-mataki don mota iri ɗaya, na kaya kaɗan, na matsakaici, na kaya mai nauyi.

A nan ne na fi ganin kuskure, kuma yana damuna. Mutum ya sayi mafi tauri, wai don ya huta da tunani, alhali yawancin lokaci motar wofi take yawo. Sifirin da bai samu nauyinsa ba ba ya lanƙwasa, sai motar ta riƙa tsalle, tayoyin baya su riƙa sakin ƙasa, duk bugun hanya ya ƙare a bayan direba da jikin motar. A daji taya mai taɓa ƙasa ce ke ja, wadda ke sama banza take juyawa. Kuma ka sani, sifirin mai ƙarfi ba ya ƙara iyakar nauyin da kamfani ya rubuta wa motar. Birki da gatari suna nan yadda suke.

Sifirin mai naɗi ko mai falle-falle, wanne ya fi?

Galibi motar ce ta riga ta zaɓa maka. Land Rover Defender na da yana da mai naɗi gaba da baya. Hilux da Land Cruiser 79 suna da mai falle-falle a baya. Mai naɗi ya fi laushi kuma ya fi barin taya ta sauka ta hau, mai falle-falle ya fi jure kaya. Ga wanda nauyinsa ke canjawa kullum, akwai sifirin da ke farawa da laushi ya ƙara tauri yayin da ake danna shi.

Me ya bambanta shokozoba mai bututu ɗaya da mai bututu biyu?

Zafi ne tushen maganar. A hanyar burji mai gargada, shokozoba tana sama da ƙasa ba hutawa, man ciki ya yi zafi, ya fara kumfa. Da zarar ya yi kumfa ta saki aiki, sai ka ji motar tana shawagi, sitiyari ya yi sako-sako.

Mai bututu biyu tana da bututun ciki inda fistin ke aiki da na waje inda mai ke taruwa. Ta fi araha, ta fi laushi a tafiyar hankali, kuma idan dutse ya lotsa bututun waje sau da yawa tana ci gaba da aiki. Mai bututu ɗaya, irin wadda aka san kamfanin Bilstein da ita, tana raba mai da iskar naitirojin ta hanyar wani fistin mai yawo, don haka kumfa ba ta samun wuri, kuma zafi yana fita da sauri tunda bango ɗaya ne. Rauninta shi ne lotsewa ɗaya na iya hana fistin wucewa.

Masu ƙaramin tanki a gefe fa?

Wannan tankin ƙarin mai da gas yake ɗauka don ta daɗe ba ta yi zafi ba. Kamfanonin Fox da King sun yi suna da su a tseren hamada. Mai gudu na sa'o'i a gargada da kaya mai nauyi zai ci moriyarsu. Mai rarrafe a duwatsu da laka ba lallai ya ga bambancin da ya kai kuɗinsu ba, ga shi suna buƙatar a riƙa buɗe su ana sabunta mai da robobi.

Har ina ya kamata in ɗaga motar?

Inci 2, wato kusan milimita 50, shi ne abin da yawancin motoci ke karɓa ba tare da dogon gyara ba. Ka wuce nan, sai tiyon birki ya yi gajere, saitin tayoyin gaba ya kauce, shaf mai kai ƙarfin inji ga tayoyi ya karkata, motar kuma ta fi saurin kifewa a kwana. Ɗagawa ba ta nisanta gatari daga ƙasa, babbar taya ce ke yin hakan.

Duk tsayin da ka zaɓa, dole tsawon shokozoba ya bi shi. Idan ta yi gajere, ita za ta riƙe gatari lokacin da taya ta sauka, har ta tsinke ko ta fizge mazauninta. Idan ta yi tsawo, za ta ƙure kafin motar ta taɓa robar da ke tare bugu, ta fashe daga ciki. Shi ya sa na fi son a sayi sifirin da shokozoba waɗanda aka ƙera don juna.

Akwai abin lura wajen ɗaurawa?

A canja biyu-biyu, dama da hagu tare. Kada bakanike ya ƙarasa ɗaure notin bushin motar tana rataye a jak, sai an sauke ta ta zauna a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage da wuri. A yi saitin tayoyi, a gyara hasken fitilun gaba, sannan bayan tafiyar farko a koma a sake bin notuna, musamman na ƙarafan da ke ɗaure sifirin mai falle-falle da gatari.