Najeriya a Gasar Olamfik: Tambayoyi da Amsoshi

Yaushe Najeriya ta fara zuwa?

A 1952, a birnin Helsinki, tun kafin samun 'yancin kai. Daga nan ba ta ƙara fashin gasar bazara ba sai a 1976, da ta bi sahun ƙasashen Afirka suka ƙaurace wa gasar Montreal saboda 'yan wasan zari-ruga na New Zealand sun je Afirka ta Kudu a zamanin wariyar launin fata.

Wa ya fara ciyo mata lamba?

Ɗan damben boksin Nojim Maiyegun, wanda ya samu tagulla a Tokyo a 1964.

Me ya sa har gobe ake zancen 1996?

Domin a Atlanta aka fara ɗanɗana zinare, har biyu. Chioma Ajunwa, 'yar sanda, ta yi dogon tsalle na mita 7.12 a yunƙurinta na farko, kuma babu wadda ta kamo ta. Sai ƙwallon ƙafa. A wasan kusa da na ƙarshe Brazil na gaba da ci 3 da 1, mutane da yawa sun fid da rai. Victor Ikpeba ya rage tazara, Nwankwo Kanu ya farke ana dab da tashi, ya kuma jefa ta huɗu a ƙarin lokaci. A wasan ƙarshe aka doke Ajantina da ci 3 da 2. Celestine Babayaro da Daniel Amokachi da Emmanuel Amunike ne suka zura ƙwallayen. Garba Lawal da Tijani Babangida na cikin wannan tawaga. Kafin su, babu ƙasar Afirka da ta taɓa cin zinaren ƙwallon ƙafa a Olamfik.

To zinare na uku fa?

Wannan da ɗaci ya zo. A Sydney a 2000, maza huɗu masu tseren miƙa sanda na mita 400 kowanne sun zo na biyu a bayan Amurka. Daga baya Antonio Pettigrew na Amurka ya amsa cewa ya sha ƙwayoyin ƙara kuzari, aka ƙwace lambarsu. Sai a 2012 aka tabbatar wa Najeriya zinaren, alhali Sunday Bada, ɗaya daga cikin huɗun, ya rasu a ƙarshen 2011. Bai riƙe ta da hannunsa ba.

Lambobi nawa ke nan duka?

27: zinare 3, azurfa 11, tagulla 13. Ga ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, wannan ya yi kaɗan ƙwarai. An dawo hannu rabbana daga Landan a 2012, haka ma daga Paris a 2024.

Rashin gwanaye ne?

Ko kusa. A ganina matsalar tana wajen masu shirya tafiya. A gasar Rio ta 2016 'yan ƙwallo sun maƙale a Amurka, suka sauka Manaus sa'o'i kaɗan kafin wasansu da Japan, kuma duk da gajiya suka ci 5 da 4. Su ne suka kawo tagulla ɗaya tilo ta wannan shekara, da ƙwallayen Sadiq Umar da Aminu Umar a ragar Honduras. A gasar Tokyo da aka yi a 2021 an hana 'yan tsere da tsalle goma shiga fili saboda ba a yi musu adadin gwajin ƙwaya da doka ta tanada ba. A Paris kuwa Favour Ofili ta cancanci tseren mita 100, amma ba a shigar da sunanta ba. Mutum ya shekara huɗu yana atisaye, takarda ta kayar da shi.

Su wa ke fitar da ƙasar kunya?

Mata da masu buƙata ta musamman. Blessing Oborududu ta ci azurfa a kokawa a Tokyo, Ese Brume ta ci tagulla a dogon tsalle. 'Yan ƙwallon kwando mata, D'Tigress, sun kai zagayen 'yan takwas a Paris, matakin da wata tawagar kwando ta Afirka ba ta taɓa takawa ba. A gasar nakasassu ta Rio kuwa zinare 8 aka kwaso, akasarinsu a ɗaga ƙarfe.