Alamar nofollow a mahaɗan cikin gida

Nofollow alama ce da ake saƙalawa jikin mahaɗi, wato wurin da ake dannawa a tafi wani shafi, a rubutun HTML da ake gina shafukan yanar gizo da shi, a siffar rel="nofollow", domin sanar da injin bincike cewa mai shafi bai tsaya wa inda mahaɗin ya nufa ba. Google ne ya fito da ita a watan Janairun 2005, Yahoo da MSN suka mara masa baya. An yi ta ne don maganin masu cusa mahaɗan talla a shafukan mutane, amma ba a daɗe ba masu gidajen yanar gizo suka fara liƙa ta a mahaɗan da ke sada shafukansu da juna.

Dalilinsu shi ne PageRank, lissafin da Larry Page da Sergey Brin suka ƙirƙiro a Jami'ar Stanford, wanda ke raba ƙimar shafi ga mahaɗan da ke cikinsa. A ce shafin farko na wani kanti yana da maki 12 da mahaɗai shida. Mai kantin sai ya sa alamar a guda biyu da bai damu da su ba, na shiga asusu da na ƙa'idojin amfani. A tsohon tsari, huɗun da suka rage kowanne zai samu maki uku maimakon biyu.

A watan Yunin 2009 Matt Cutts, wanda a lokacin yake jagorantar yaƙi da maguɗin shafuka a Google, ya bayyana cewa an toshe wannan kafa tun fiye da shekara guda kafin nan. Rabon yanzu kashi shida ake yi. Huɗun nan maki bibbiyu za su samu, kason sauran biyun kuwa ya bi ruwa, ba a mayar wa kowa. Mai dabarar garin neman gira ya rasa ido ke nan. Wanda ba ya son shafi ya fito a sakamakon bincike, umarnin noindex, wanda ke hana injin sa shafin cikin jerinsa, shi ne abin da ya dace da shi.

A Satumban 2019 Google ya ƙara alamomi biyu, sponsored ta mahaɗan talla da ugc ta mahaɗan da masu ziyara ke sawa, ya kuma ce daga yanzu nofollow shawara ce da zai iya ɗauka ko ya bari.

Inda ake yawan ruɗewa shi ne makin da ake kira ƙarfin gida. Domain Authority na kamfanin Moz ne, daga 1 zuwa 100. Domain Rating kuma na Ahrefs. Ƙiyasi ne na 'yan kasuwa, Google ba ya aiki da ko ɗaya wajen jera sakamako, nasa makin PageRank ma ya daina nuna wa jama'a tun 2016. Domain Rating yana duba mahaɗan da ke shigowa daga wasu gidaje ne, waɗanda ba a sa musu nofollow ba. Saboda haka sa alamar ko cire ta a mahaɗan cikin gida ba ya motsa wannan makin. Abin da take taɓawa shi ne yadda ƙima ke yawo tsakanin shafukan gidan, da kuma ko injin zai bi hanyar ya kai ga shafin da ke can ƙurya.