Waiwaye: Yadda dogo, kwalta da tashar ruwa suka gina arzikin jihar Jojiya ta Amurka

Jihar Jojiya da ke kudu maso gabashin Amurka ba ta da man fetur irin na Texas, ba ta kuma da tarin tama da kwal irin wanda ya gina birnin Birmingham a maƙwabciyarta Alabama. Babban jarinta shi ne inda Allah ya ajiye ta. Tana da bakin teku a Savannah, kuma a arewacinta ne jerin tsaunukan Appalachia ke ƙarewa, don haka mai ɗauko kaya daga tsakiyar ƙasar zuwa gaɓar kudu maso gabas ta nan ya fi samun sauƙin ratsawa. Amma jihar ta shafe kusan shekara ɗari da layin dogo tana cikin jerin matalauta. Abin da ya jinkirta ta, da abin da ya sake ta daga baya, su ne suka cancanci a duba.

Auduga ce mafari. Irin da ke yi a cikin ƙasa, nesa da teku, mai gajeren zare ne, kuma guryarsa na manne da zaren ƙam. Mutum zai wuni yana cira da hannu bai wuce rabin kilo ba. A 1793, a wata gona da ake kira Mulberry Grove kusa da Savannah, Eli Whitney ya haɗa injin gurza: gangar katako mai haƙoran waya tana juyawa tana fizgo zaren ta cikin tsaga-tsagan ƙarfe da gurya ba za ta iya bi ba, sai buroshi mai juyawa ya share zaren daga haƙoran don kada su cushe. Da wannan inji gurzar yini ɗaya ta haura kilo 20. Injin ya rage wahalar gurza, amma shuka da noma da tsinka suka rage na hannu, kuma tunda yanzu auduga ta zama kuɗi, sai masu gonaki suka ƙara sayen bayi. A ƙidayar 1790 bayi a Jojiya ba su kai 30,000 ba. A 1860 sun haura 462,000, wato kashi 44 cikin 100 na mutanen jihar. Ƙasar da aka faɗaɗa gonakin a kanta kuwa, daga hannun ƙabilun Creek da Cherokee aka ƙwace ta.

Kafin dogo, kogi ne hanya. Jiragen ruwa masu tururi kan hau kogunan har inda tudu ya haɗu da fadamar gaɓa, inda ruwa ke zubowa daga kan duwatsu jirgi ba ya iya wucewa. A nan garuruwan Augusta da Macon da Columbus suka kafu, kuma ƙarfin wannan ruwa ne ya juya masaƙun farko. Matsalar kogi ita ce da rani ruwa kan ja baya, dilolin auduga su yi ta jira a bakin gaɓa.

A 1833 'yan kasuwar Charleston ta jihar Carolina ta Kudu suka kammala layin dogo mai tsawon mil 136 har zuwa Hamburg, wani gari da ke tsallaken kogi daura da Augusta. Manufarsu a fili take, su janye audugar Jojiya zuwa tasharsu. A wannan shekarar Jojiya ta ba kamfanonin dogo lasisi, kuma a 1843 layin Savannah ya isa Macon, tafiyar mil 190. Shawarar da ta fi kowace tasiri ita ce ta Disambar 1836, lokacin da majalisar jihar ta yanke cewa gwamnati da kanta, da kuɗin jama'a, za ta shimfiɗa layin Western and Atlantic zuwa Kogin Tennessee a Chattanooga. A 1837 aka kafa turke a cikin daji inda layin zai tsaya daga kudu. Babu kogin da jirgi ke bi a wurin, babu ma'adini, ba don komai aka zaɓe shi ba sai don tudun wurin ya dace da dogo. Layin Augusta ya iso a 1845, na Macon a 1846, wurin ya zama mahaɗa, ya samu sunan Atlanta. Har yau layin Western and Atlantic mallakar jihar ne, kamfanin dogo na CSX haya yake biya. Akasarin haƙa da cikon waɗannan layuka bayi ne suka yi su, bayan yaƙin basasar Amurka kuma aka koma bayar da hayar fursunoni, mafi yawansu baƙaƙen fata, har zuwa 1908.

Saboda dogon ne Janar Sherman na rundunar jihohin Arewa ya nufi Atlanta a 1864, lokacin yaƙin basasar. Sojojinsa kan tumɓuke ƙarafan, su gasa su a kan wutar katakon layin, su murɗe su yadda ba za su sake moruwa ba. An gyara cikin 'yan shekaru, kuma a 1868 aka mayar da fadar jihar Atlanta.

Akwai cikas biyu da ba a cika ambata ba, alhali su ne suka fi bayyana jinkirin. Na farko faɗin layi. Yawancin layukan Kudu ƙafa 5 ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe, na Arewa kuwa ƙafa 4 da inci 8 da rabi ko kusa da haka. Tarago ya iso iyaka sai a sauke kayan a sake lodi, ko a ɗaga shi a canza masa ƙafafu, kowanne da kuɗinsa da ɓata lokacinsa. A ranakun 31 ga Mayu da 1 ga Yuni 1886 aka magance wannan a lokaci guda. Tun makonni kafin ranar aka auna aka kafa sababbin ƙusoshi ta ciki, aka zare wasu daga cikin tsofaffin. Ranar aikin, dubban leburori suka matsar da ƙarfe ɗaya inci 3 zuwa ciki a kan layuka fiye da mil 11,000, faɗin ya koma ƙafa 4 da inci 9, wanda taragon Arewa zai iya bi.

Na biyu ya fi wuyar magani, domin a takarda yake. Jadawalin kuɗin dako ya kasa ƙasar shiyya-shiyya, kuma kayan da aka ƙera a Kudu sun fi biyan kuɗi a kowane mil fiye da irinsu da aka ƙera a Arewa, yayin da ɗanyen kaya irin su auduga da katako ke fita da rahusa. Ma'anar wannan ga mai jari ita ce gara ya kwashi ɗanyen kaya ya sarrafa a Arewa. Masaƙu sun yawaita a Jojiya bayan baje kolin auduga na Atlanta a 1881, kuma an buɗe makarantar fasaha ta Georgia Tech a 1888, amma yadi mara tsada suke saƙawa da leburori masu ƙaramin albashi. Sai da Gwamna Ellis Arnall ya kai kamfanonin dogo gaban Kotun Ƙoli, a 1945 hukumar kula da sufuri tsakanin jihohi ta umarci a daidaita, kuma jadawali na bai ɗaya bai fara aiki ba sai 1952. A ganinmu wannan hukunci ya yi wa masana'antun jihar amfanin da ya kai na kowane layi da aka shimfiɗa.

Audugar jihohin kudancin ƙasar Amurka ta taɓa mu ma. Masu masaƙun Lancashire a Ingila, don rage dogaro da ita, sun kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a 1902, kuma fatan samun audugar ƙasar Hausa na cikin dalilan kai dogo Kano a 1911. Manoma da attajirai suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa.

A Jojiya ma gyaɗa ta samu shiga, amma ta hanyar annoba. A 1915 wani ƙwaro mai huda ƙululun auduga ya yi ƙwai a ciki ya shigo jihar. Filin auduga ya faɗo daga eka miliyan 5.2 a 1914 zuwa miliyan 2.6 a 1923. Dubban iyalai suka bar gona, baƙaƙen fata da yawa suka hau jirgin ƙasa zuwa biranen Arewa. Yau jihar ce ke noma kusan rabin gyaɗar Amurka. Yaƙi da ƙwaron ne kuma ya haifar da wani kamfanin feshi da jirgin sama da ya fara aiki a Macon, wanda daga baya ya zama kamfanin jiragen sama na Delta.

Wutar lantarki ta fara isa karkara sosai bayan kafa hukumar wutar karkara a 1935, sai sana'o'in gida suka zama masana'antu. A Dalton mata ke ɗinka shimfiɗun gado masu tuntu da hannu suna ratayewa a bakin babbar hanya mai lamba 41 don matafiya. Aka ƙera keke mai allura da yawa a jere, aka faɗaɗa shi har ya iya saƙa kafet, zaren nailan ya zo a shekarun 1950, yankin ya zama cibiyar kafet ta ƙasar. A Gainesville, Jesse Jewell ya riƙa ba manoma 'yan tsaki da abinci bashi, ya saye kajin in sun girma, ya yanka ya sayar. Tsarin ba zai yiwu ba sai da masara mai zuwa ta dogo daga tsakiyar ƙasar da motoci masu firiji da ke fitar da naman.

Dokar manyan hanyoyi ta 1956 ta ɗora wa gwamnatin tarayya kashi 90 cikin 100 na kuɗin gini. Hanyoyi uku, I-75 da I-85 da I-20, suka haɗu a tsakiyar Atlanta, kusan a kan sawun tsofaffin layukan dogo, aka kewaye birnin da I-285 a 1969. An biya farashin wannan a unguwannin baƙaƙen fata, inda kwaltar ta raba titin kasuwancinsu na Auburn biyu ta rushe gidaje. Wasu ƙananan hukumomin kewaye kuma suka ƙi shiga tsarin jirgin cikin gari na MARTA, shi ya sa cunkoson motoci ya zama ciwon birnin.

Filin jirgin sama na Atlanta ya faro ne a 1925 a wani tsohon filin tseren motoci. Delta ta dawo da hedkwatarta nan a 1941, ta riƙa tattaro fasinjojin ƙananan garuruwa a Atlanta tana rarraba su, wato dabarar mahaɗar dogo ce aka mayar sama. Titunan sauka biyar na filin duk a jere suke suna fuskantar gabas da yamma, babu wanda ya gitta wani, don haka jirage da dama na iya sauka da tashi a lokaci ɗaya. A 2019 fasinjoji sun haura miliyan 110, kuma tun 2007 akwai jirgi kai tsaye daga nan zuwa Legas.

Masaƙu sun durƙushe daga shekarun 1990 da yadi mai araha ya kwararo daga waje. A West Point, tsohon garin masaƙa a bakin I-85, kamfanin Kia ya fara haɗa motoci a 2009, Hyundai kuma ya fara a 2024 a bakin I-16 kusa da Savannah. Dukansu tashar ruwa suka bi.

Tashar Savannah a cikin kogi take, kimanin mil 18 daga teku. Hukumar tashoshin jihar, wadda aka kafa a 1945, ta jawo manyan kantuna su gina rumbunan ajiya a kewayenta, ta kuma shigo da layukan CSX da Norfolk Southern har cikin harabar, kwantena ta sauka daga jirgi ta hau tarago. A 2022 adadin ya kai kimanin miliyan 5.9 a ma'aunin kwantena mai ƙafa 20. Bayan faɗaɗa mashigin Panama a 2016 jirage sun ƙara girma, dole aka yashe kogin daga zurfin ƙafa 42 zuwa 47, aikin da ya ci kusan dala biliyan 1 aka gama a 2022. Yashewar na da illa. Ruwan gishiri ya fi na daɗi nauyi, don haka yakan kutsa ta ƙasan ramin zuwa sama, ya lalata fadamun ruwan daɗi, iskar da kifi ke shaƙa a ƙasan kogi kuma ta ragu. Sai da aka kafa injunan da ke tura iskar oksijin cikin ruwa da ƙarfi, aka kuma gina tafkin ajiya don ruwan shan birnin. Yanzu matsalar ta koma sama: gadar Talmadge da jirage ke bi ta ƙarƙashinta ƙafa 185 ce daga ruwa, kuma mafiya girman jiragen kwantena ba sa iya wucewa, shi ya sa jihar ta shiga shirin ɗaga ta.