Waiwaye: Motar bana ko ta baɗi? Yadda ƙungiyoyin Formula 1 ke raba ƙarfinsu idan doka za ta sauya

Masu bin tseren Formula 1 a Kumasi ba su kai 'yan ƙwallo yawa ba, amma akwai su, musamman cikin kanikawan Suame Magazin da samarin Aboabo da Asawase. Tseren Turai yakan tashi da ƙarfe 1 na rana agogon Gana, don haka da yawa sai an idar da azahar suke riskar sa. Abin da ya fi ɗaure musu kai a kakar 2025 shi ne Ferrari: ga kuɗi, ga Lewis Hamilton, amma shugabanta Fred Vasseur ya ce tun ƙarshen Afrilu suka rufe aikin fasalin iska na motar bana, suka koma kan ta 2026. Ƙungiyar ta gama ta huɗu, ba ta ci babban tsere ko ɗaya ba.

Wannan ba sabon abu ba ne. Duk sanda FIA, hukumar da ke tsara dokokin gasar, ta shirya sauya doka gaba ɗaya, kowace ƙungiya sai ta zauna ta yi wannan lissafi. Duk mai gareji a Magazin ya san irinsa: rami ɗaya ne, ga tirotiro mai kawo kuɗin yau tana jiran gyara, ga kuma bas ɗin da ake haɗawa tun daga shasi. Wadda ka ɗora a ramin, ɗayar sai ta jira.

Labarin da kowa ke kawowa shi ne na 2008 zuwa 2009. McLaren da Ferrari sun yi ta zuba wa motocinsu sabbin kaya har tseren ƙarshe a Burazil, inda Hamilton, direban McLaren a lokacin, ya ƙwace kambu daga hannun Felipe Massa na Ferrari da maki ɗaya. Honda kuwa, ƙarƙashin Ross Brawn, ta ga motarta ta 2008 ba ta gyaruwa, ta watsar da ita tun da wuri, ta gama ta tara. Dokar 2009 ta dawo da taya marar zane, ta faɗaɗa fiffiken gaba, ta tsuke na baya, ta kuma rage tsayin difuza, wato mafitar iskar da ke ƙarƙashin bayan mota, zuwa milimita 175. Injiniyoyin Honda suka gano cewa lafazin dokar bai hana buɗe wasu ƙofofi a ƙasan motar ba, waɗanda za su kai iska zuwa hawa na biyu a saman difuzar. Iskar ƙasa ta ƙara gudu, motar ta ƙara manne wa kwalta a kwana.

Honda ta janye daga gasar a Disamba 2008 saboda durƙushewar tattalin arzikin duniya. Brawn ya karɓi ƙungiyar, aka cusa injin Mercedes a motar da ba don shi aka zana ta ba, Jenson Button ya ci shida cikin tsere bakwai na farko. McLaren ta ƙare kakar da nasara biyu, Ferrari da ɗaya.

Sai dai masu ba da labarin sukan tsaya a nan, alhali akwai saura. A wannan shekara ta 2008, Robert Kubica ya ci tseren Kanada da BMW Sauber, ya hau saman teburi. Kamfanin ya ga ya cika burinsa na shekarar, ya karkata ga 2009, musamman na'urar KERS mai tara wuta daga birki. Kubica bai ɓoye ɓacin ransa ba. Motar 2009 ta fito ba ƙarfi: daga maki 135 da matsayi na uku suka sauko maki 36 da matsayi na shida, BMW ta tattara ta bar gasar. Sun saki kambun da suke iya nema, na gaban kuma bai zo ba. Toyota da Williams ma sun zo da difuza mai hawa biyu tun tseren farko, ba wadda ta ci tsere a cikinsu. Red Bull kuwa ba ta da ita da farko, sai da ta sake fasalin bayan motarta, amma ita ta cinye tsere uku na ƙarshe. Tsallakawa da wuri lokaci kawai take ba ka. Idan tunanin da ka gina motar a kai karkatacce ne, watannin da ka samu ƙara nisa za su yi da kai a hanyar da ba ta ɓullewa.

Sauyin 2014 na inji ne, shi ya sa lissafinsa ya bambanta. An bar V8 aka koma V6 mai lita 1.6 da turbo da na'urorin lantarki biyu, aka ƙayyade mai kilo 100 a tsere. Inji ba a wata shida ake yin sa ba. Mercedes ta yi shekaru tana aiki a masana'antarta ta Brixworth, ta raba turbo biyu, mai matsa iska a gaban inji, mai juyawa da hayaƙi a baya, da sanda doguwa a tsakani. Ta ci 16 cikin tsere 19. Red Bull da ta ci tara a jere a ƙarshen 2013 ba shasi ne ya kayar da ita ba, injin Renault ne bai shirya ba.

A wancan zamani mai kuɗi yana iya ɗaukar ma'aikata kashi biyu, kowane da motarsa. Tun 2021 an toshe wannan ƙofa ta hanya biyu. Ta farko ita ce iyakar kashe kuɗi: dala miliyan 145 a 2021, aka sauke zuwa 140 a 2022, sannan 135 a 2023, ban da albashin direbobi da wasu abubuwa. Duk fiffiken da aka ƙera wa motar bana, har wanda direba ya farfasa a bango, daga aljihu ɗaya yake fita da na motar baɗi.

Ta biyu ita ce rabon ramin iska, inda ake hura wa ƙaramin samfurin mota iska don auna yadda take danne shi. Samfurin ba ya wuce kashi 60 cikin ɗari na girman mota, iskar kuma ba ta wuce mita 50 a daƙiƙa, wato kilomita 180 a awa. An raba shekara zango shida. Ma'aunin tsakiya shi ne gwaji 320 a kowane zango, wanda ƙungiya ta bakwai ke samu. Zakara kashi 70 cikin ɗari take samu, gwaji 224. Ta goma kashi 115, gwaji 368. Haka ma lissafin iska da ake yi a kwamfuta, da awo ake ba da shi. Ana sake rabon a ƙarshen Yuni da ƙarshen shekara bisa matsayin teburi. A nan ne ciwon kan yake: wadda ke neman kambu ita ce mai ƙaramin rabo, kuma ita ce ba za ta iya sakin motar bana ba.

Dokar da aka shirya wa 2021 annobar korona ta tura ta 2022. Ta mayar da yawancin ƙarfin danne mota zuwa ramuka biyu da ke ƙarƙashinta. Haas ta bar motarta ta 2021 yadda take, ta gama shekarar ba maki ko ɗaya. Direbanta Kevin Magnussen ya zo na biyar a tseren farko na 2022 a Baharain, amma ƙungiyar ta takwas ta ƙare. Ferrari ta yi amfani da babban rabon da faɗuwarta zuwa ta shida a 2020 ya ba ta, ta ɗauki na ɗaya da na biyu a Baharain ɗin. Mercedes, wadda ke takarar kambu da Red Bull, ta kawo manyan kayanta na ƙarshe a tseren Silverstone na Ingila cikin Yulin 2021. Red Bull ta ci gaba da kawo kaya bayan nan, har mutane na cewa za ta biya bashin a 2022. Ba ta biya ba: ta ci 17 cikin 22, Mercedes ɗaya. An dai samu Red Bull da wuce iyakar kuɗin 2021, aka ci ta tarar dala miliyan 7, aka yanke mata kashi 10 cikin ɗari na gwajin iska.

Abin da ya kayar da Mercedes ya cancanci a duba shi da kyau. Motar tana ƙara gudu, iska na ƙara tsotse ta ƙasa, har ƙasanta ya kusa taɓa kwalta. Sai iskar ta shaƙe, dannawar ta ɓace, sifirin ya ɗaga motar, iska ta sake kamawa, ta sake faɗowa. Haka za ta yi ta sukuwa a miƙaƙƙiyar hanya, kan direba na kaɗawa. Ramin iska bai nuna wannan ba, domin abin ya fi tsanani a gudun da ya zarce wanda doka ta yarda a gwada, kuma samfurin a riƙe yake da sanda daga sama. Maganin gaggawa shi ne a ɗaga motar, ɗagawar kuma ita ke zubar da ƙarfin da aka yi shekara ana nema. Ga kuma nauyi: doka ta ce kilo 798, motoci da yawa sun haura, kilo 10 kuwa yakan ci kusan kashi uku cikin goma na daƙiƙa a zagaye ɗaya. Shi ya sa aka ga ana kankare fenti har baƙin kabon ya bayyana.

A aikace ba rana ɗaya ake tsallakawa ba. Tun watan Janairu ake ware 'yan mutane kaɗan su tsayar da manyan abubuwa: inda inji da batir da tankin mai za su zauna, tazarar taya, girman lagireto. Kwarangwal ɗin da direba ke zama ciki da gidan giya su ake fara kullewa, domin mazubinsu na cin watanni, kuma sai kwarangwal ɗin ya tsallake gwajin karo na FIA kafin ya hau hanya. Idan ya tsage a gwajin, a ƙara masa kabon, nauyi ya ƙaru, jadawali ya rushe. Fukafukai da ƙasan mota su ake bari har ƙarshe. Masu zanen iska ne ke fara komawa sabuwar mota, masu ƙira su biyo baya, shi ya sa za ka ga ƙungiyar da ta ce ta rufe aiki a Afrilu ta kawo sabon ƙasan mota a Yuni. Tsohon zane ne ya fito daga tanda. Lissafin da shugabanni ke yi shi ne: motar da ta shekara huɗu a doka ɗaya, gwaji ɗari ba ya ƙara mata abin kirki, sabuwa kuwa kusan kowane mako tana ba da riba. A ɗaya gefen, kowane matsayi a teburin ƙungiyoyi miliyoyin daloli ne na kuɗin gasa.

Sauyin 2026 ya haɗa inji da shasi a lokaci guda. An cire na'urar lantarkin da ke jikin turbo, wadda ke jikin inji ta tashi daga kilowat 120 zuwa 350, mai ya koma wanda ba na rijiya ba, fukafukan gaba da baya suna motsi. Faɗin mota ya sauko daga mita 2 zuwa 1.9, tazarar taya daga mita 3.6 zuwa 3.4, nauyi daga kilo 800 zuwa 768. An hana kowa gwada motar a ramin iska kafin 1 ga Janairun 2025, don kada a maimaita irin ta Honda. Kakar 2025 mai tsere 24 ta ƙare 7 ga Disamba a Abu Dabi, gwajin farko kuma a Basalona ƙarshen Janairu.

Williams da Alpine sun karkata tun farkon shekara. Williams ta gama ta biyar, Alpine ta ƙarshe. McLaren ta rufe aiki tana kan gaba, ta kulle kambun ƙungiyoyi a Singafo. Red Bull, bayan Laurent Mekies ya gaji Christian Horner a Yuli, ta kawo sabon ƙasan mota a tseren Monza na Italiya. Hujjarsu ita ce idan ba su gano dalilin da ya sa ramin iskarsu da hanya ke saɓawa ba, da kuskuren za su shiga sabuwar doka, kuma a ganinmu wannan hujja tana da nauyi. Direbansu Max Verstappen, da wanda ke saman teburi ya ba shi tazarar maki 104 bayan tseren Holan, ya ƙare maki 2 kacal bayan zakara Lando Norris na McLaren. A rabon ramin iska na rabin farko na 2026, McLaren ta tashi da gwaji 224 a zango, Alpine da 368.