Daga fom ɗin APER zuwa PMS: yadda ake auna aikin ma'aikatun tarayya yanzu

Duk wanda ya taɓa aikin gwamnati a Najeriya ya san fom ɗin APER, wanda ake cikewa sau ɗaya a shekara. Kai za ka rubuta abin da ka ce ka yi, oga ya duba halinka da biyayya da zuwa ofis a kan lokaci, ya ba ka maki ya sa hannu, a jefa a fayil. In kuna ɗasawa da oga to ka haye, wasu ma na shekara biyu ko uku suke cikewa a zama ɗaya saboda jarrabawar ƙarin girma ta matso. A takarda kowa gwani ne, amma ita ma'aikatar ba mai tambayarta me ta tsinana wa jama'a.

Wannan ne gwamnatin tarayya ta ce ta daina, aka kawo tsarin PMS, wato auna ma'aikaci da sakamakon aikinsa, a zamanin shugabar ma'aikata Folasade Yemi-Esan, cikin shirin gyaran aikin gwamnati na 2021 zuwa 2025, ya kuma shiga sabbin ƙa'idojin aiki da suka fara aiki a Yulin 2023. A sauƙaƙe, ma'aikata ce za ta fara faɗin abin da za ta cimma a shekara, babban sakatare ya raba wa daraktoci, darakta ya raba wa na ƙasa da shi, har ya iso kan ƙaramin jami'i. Kai da oganka ku zauna tun farkon shekara ku rubuta aikin da ke wuyanka da yadda za a gane an yi shi, ku sa hannu, sannan a riƙa waiwaya cikin shekara ba sai Disamba ba. Misali mai kula da fayilolin fansho, ba za a tsaya ga "yana da ƙwazo" ba, fayil nawa ya kammala kuma cikin kwana nawa, shi za a duba.

A sama ma haka ne. A Nuwamban 2023 ministocin Tinubu da manyan sakatarorinsu suka sa hannu a yarjejeniyar cika aiki, aka ɗora wa ofishin Hadiza Bala Usman, mai ba shugaban ƙasa shawara kan daidaita manufofi a lokacin, bibiyarsu bayan kowane wata uku, a Afrilun 2024 kuma aka buɗe shafi a intanet inda talaka zai ga alƙawarin kowace ma'aikata ya faɗi ra'ayinsa. Da aka sauke ministoci biyar a Oktoban 2024, fadar shugaban ƙasa ta ce an yi la'akari da wannan awon.

Ni dai ina goyon bayan tsarin nan ɗari bisa ɗari, sai dai akwai inda yake damuna sosai. Auna sakamako daban, auna ƙarfin ma'aikata daban. Ka ce wa sashe ya zagaya jihohi ya duba asibitoci alhali kuɗin kasafi ba a sake su ba, motar aiki tana kan dutse tun bara, jami'ai huɗu suna layi a kan kwamfuta ɗaya, janareta ba mai, sannan ƙarshen shekara ka ce sun gaza, wallahi ba a yi musu adalci ba, an ɗaure mutum ne an ce ya yi gudu. Kafin a ba da maki ya kamata a rubuta me aka ba su da kuma yaushe ya iso hannunsu, in laifin na wanda ya riƙe kuɗin ne a rubuta sunan ofishinsa shi ma.

Sai kuma makin kansa, a riƙa buga na kowace ma'aikata a fili kowa ya gani, domin in ya tsaya tsakanin minista da fadar shugaban ƙasa to jama'a ba su da yadda za su bambance awon gaskiya da siyasa.

A lura, wannan na ma'aikatan tarayya ne, kowace jiha tana da nata ƙa'idojin. In kai na tarayya ne, kar ka sa hannu a kan aikin da ka san ba a ba ka kayansa ba sai an rubuta hakan a takardar, kuma ka ajiye kwafinka da shaidar duk abin da ka kammala, don da su za a yi maka hisabi ranar ƙarin girma.