Daga bulalar mushe zuwa salular aljihu

Lokacin da muke lakwal a Yamai, in aka ce a kula da yaro, iyaye ba su nufin komai face ya je ya dawo da ƙafafunsa. Uba da kansa zai kai ɗansa gaban malami ya ce, "Mushe, in ya yi, ka zane shi." Ba a lissafa bulala cikin cuta, tarbiyya ake ce mata.

A takarda kam mun yi sammako. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara tun 1990, a 1998 kuma aka yi dokar LOSEN da ta shimfiɗa tsarin ilimin ƙasa. Sai dai abin da ya taɓa cikin gidaje shi ne batun ƴa mace. A 2012 an kai daftarin dokar kare yarinya ƴar makaranta gaban majalisa, ƙungiyoyin addini suka ƙi, aka naɗe shi. Sai a Disamba 2017 gwamnati ta fito da shi da sa hannunta, daga baya aka fayyace cewa aure ko ciki ba ya korar yarinya daga aji. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da kimanin uku cikin huɗu na ƴan mata ke shiga ɗakin miji kafin shekara 18.

Sannan wuta ta yi mana nata karatun. Ranar 13 ga Afrilu 2021, cikin zafin bazara, gobara ta tashi a makarantar unguwar Pays-Bas, can wajen filin jirgi. Azuzuwan zana ne jere da juna, wuta ta bi su kamar tana bin kara a gona. Yara wajen 20 suka rasu, galibinsu ƙanana ne da ba su ma san inda za su gudu ba. Ba a gama share hawaye ba, ranar 8 ga Nuwamba irin haka ta faru a Maraɗi, fiye da 20 suka tafi. Sai bayan nan aka hana sa ƴan ajin renon yara cikin rumfar zana. Kowa ya san zana na cin wuta tun kafin ranar, ai ba sabon ilimi ba ne.

Duk waɗannan haɗura ido na ganinsu, ana iya yi musu katanga da mai gadi. Wanda ya shigo daga baya ta aljihu ya bi. Da kamfanin waya na Celtel ya fara aiki a 2001, salula ta manyan ƴan kasuwa ce da ma'aikata. Yau ƴar koleji na riƙe da mai kyamara, saƙon murya na WhatsApp kuma bai tambayi ko ka iya karatu ba.

Wata maƙwabciyarmu ta gani a kan ƴarta. A lokacin shan iska wani ɗan ajinsu ya ɗauki hoton yarinyar ba ta sani ba, aka liƙa masa maganar banza, aka jefa a rukunin aji. Kafin la'asar ya isa fadar samarin unguwa, ana shayi ana miƙa waya hannu zuwa hannu. Sati biyu ba ta leƙa makaranta ba. Da uwar ta je, shugaban makarantar ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba cikin harabarmu aka yaɗa shi ba." Ban ga laifinsa ƙwarai ba, an koya masa tsaron ƙofa ne kawai.

Doka dai akwai. Ta 3 ga Yuli 2019 kan laifukan intanet ta tanadi hukunci ga mai yaɗa hotunan batsa na yara, akwai kuma hukumar HAPDP mai kare bayanan mutane. Amma yawancinmu mun san dokar ne ta kamun ƴan jarida, irin na Samira Sabou a 2020. An cire ɗauri kan ɓata suna a 2022, aka maido da shi a 2024, kuma a duk cacar bakin da aka yi da ƙyar ka ji an ambaci yara.

Maƙwabciyar tawa ba ta je wurin ƴan sanda ba, ta ce tonon asiri ne. Ta ƙwace salular ta kulle cikin akwatin zannuwanta. Shekaranjiya bayan isha'i na hangi yarinyar a zaure, fuskarta na haske da wayar yayanta.